Ɗaliban Mushe Tanimu

Ranar da Mushe Tanimu, kamar yadda ake kiran malamin boko a Damagaram, ya ajiye alli, yaran lekwal, makarantar da ya koyar, suka yi masa waƙar bankwana, malamai suka sha lemo, kowa ya ɗauka mutumin zai koma gidansa na Birni ya huta, jama'a ma su huta. Ashe ba haka ba. Shi mutum ne da in bai yi wa wani bayani ba a yini, abinci ba ya yi masa daɗi. Da farko matarsa Barira ya tsare a madafa yana nuna mata yadda ake hura gawayi. Daga nan ya koma kan mai ruwa, ya tsayar da shi a rana yana yi masa bayanin inda nauyi ke taruwa a amalanke.

Barira ta kira 'yarsu Lubna da ke aiki a Yamai. Ta ce, "Ki nema wa ubanki abin yi, tun bai fara koya mini haihuwa ba."

Da Lubna ta zo hutu sai ta zo masa da kwamfuta, wadda shi ba ya kira sai ordinater. Ta buɗe masa bulog, wato shafinsa na kansa a intanet, ta nuna masa yadda zai danna wani jan ɗigo, na'urar ta ɗauki duk abin da ke motsi a fuskarta tare da muryarsa, sannan ya ɗora a shafin kowa ya gani.

Ya ce, "To ni a ina zan fito?"

"Ba za ka fito ba, Baba. Kibiyar nan da ke yawo ita ce kai."

Abin bai yi masa daɗi ba, don ya riga ya sa babbar riga da hula. Amma bai fasa ba. Duk ranar ɗauka sai ya yi wanka, ya shafa turare, ya zauna gaban mikro kamar mai jiran baƙi daga fadar sarki. Yakan fara da gaisuwa. Ya gai da mutanen Birni, ya gai da na Zango, na Sabon Gari, na Garin Malam, ya fita ƙauyuka har Garagumsa, ya tambaye su damina da gajiya. Sai ya gama da kowa sannan kibiya ta motsa.

"Wannan kibiya da kuke gani, kada ta ba ku tsoro. Za mu tafi da ita hagu. A hankali. A hankali. To, mun wuce wurin. Ba laifi. Mu dawo."

Kibiyar ta yi ta kewaya fuskar ordinater kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Haka ya koyar da yadda ake buɗe takarda, da yadda ake adana ta, da yadda ake sa wa shafi lamba. In ya gama sai ya ɗauki na'urar zuwa kusa da turken akuya, don a duk gidan nan ne kaɗai rezon intanet ke kamawa, ya tsuguna yana jiran darasin ya hau, akuya na ƙoƙarin cin hannun rigarsa.

Da fari ba mai kallo sai Lubna, ita ma don kunya. Can kwatsam abu ya buɗe. Kullum in ya duba sai ya ga masu kallo sun ƙaru, musamman a darasin sa lambar shafi, wanda ya fi kowanne tsawo. Sharhi ya fara shigowa, kusan duk daga mata. Wata ta rubuta, "Allah ya saka da alheri, Mushe, mun samu lafiya." Wata ta ce, "Tun da muka samu bidiyonka gidanmu ya yi tsit." Wata kuma, "Don Allah a ƙara tsawo."

Mushe Tanimu ya karanta wa abokansa waɗannan a inda suke shan shayi da la'asar, a ƙofar shagon Bukar baduku. Ya ce, "Kun ji ko? Gida ya yi tsit. Yara sun bar wasa sun kama ilimi. Mata sun waye. Abin da hukuma ta kasa, ni na yi shi daga gefen akuya."

Bukar bai ɗago daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Ni dai na kunna sau ɗaya. Kana cikin gai da mutanen Zango na farka na ga an yi magariba."

"Kai ai ko wa'azin Juma'a barci kake."

Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi. Shafin yana nuna masa inda mutane ke tsayawa da kallo, kuma yawancinsu ba sa kaiwa tsakiya. Ya yi tunani, ya yanke cewa saurin fahimta ne.

Ana nan sai 'yar ƙanwar Barira ta haihu a Dakusa, suka shiga mota suka tafi suna. Bayan an ci an sha, rana ta take, maza suka baje a inuwar itacen bedi. Sai aka aiko Mushe ya shigo ya ga jaririya ya sa mata albarka. Yana taka tsakar gida ya ji wata murya da ya sani tana fitowa daga ɗakin mai jego.

"A hankali. A hankali. To, mun wuce wurin."

Daɗi ya kama shi. Har Dakusa! Ya gyara hula, ya yi sallama, ya ɗaga labule.

Ba wanda ke kallon komai. An jefa wayar salula cikin ƙwarya don sauti ya ƙaru, an kife fuskarta ƙasa. A kan tabarma kuwa jarirai ne a jere, na baƙi da na gida, kowa ya saki hannu ya buɗe baki. Wata tsohuwa mai suna Iya Delu, wadda ke kula da mai jego, tana zaune tana kora musu ƙuda. Ta ɗora yatsa a leɓe.

Ta ce da raɗa, "Shigo a hankali, Alhaji. Maganin barci muka sa musu. Wani bawan Allah ne a Damagaram, ban san cutar da ke damunsa ba, amma Allah ya yi wa muryarsa baiwa. Ko jaki ka kunna wa sai ya kwanta. Da jiƙo muke ba su, yanzu mun huta."

Mushe Tanimu ya ce, "Baiwar Allah, wannan darasi ne. Darasin sa wa shafi lamba."

Iya Delu ta dube shi, ta dubi ƙwarya, ta sake dubansa. Ta kama haɓa. "La ilaha! Ƙara faɗi in ji. Ke Sadiya, zo ki ga ikon Allah, ga shi nan da ransa!"

Kafin ya juya mata sun cika ƙofa. Wata na cewa ashe ba tsoho tukuf ba ne, wata na cewa ita ta zaci makaho ne, da yadda yake lalube. Wata ta miƙo masa ɗanta mai rigima ta ce ya ɗan yi masa kaɗan, ko gaisuwar ce. Can bayansu ya hango Barira ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da yamma suka kama hanyar Birni. Sai da suka shiga gida ya cire hula ya ce, "Ke kika yi wannan."

Barira ta ce, "Ni na tura wa Sadiya yayar mai jego, ranar da ta kira tana kuka ɗanta ya hana ta runtsawa. Ita ta sa a gurup ɗin mata. Malam, tun aurenmu nake barci da muryar nan, ban taɓa neman magani ba. Na ga bai kamata in ci ni kaɗai ba."

"Ilimina kika mayar abin lallashi!"

"To ai yana aiki. Na wasu ko wannan ba ya yi."

Washegari ya tashi da hantsi cikin fushi. Ya cire tsofaffin bidiyon duka daga bulog. Ya ɗauki sabo. Wannan karon ba gaisuwa. Ya sa kiɗan kokawa a ƙarƙashi, ya kama mikro da hannu biyu yana kururuwa kamar mai sanarwa a fili: "Ga kibiya! Ta tafi! Ta kama shi! Danna! Danna, na ce!" Kibiyar ta yi ta zabura daga kusurwa zuwa kusurwa, shi kansa bai san inda ta shiga ba. Akuya ta tsinke igiya. Ya ɗora, ya koma ya zauna yana huci, muryarsa ta dushe.

Wasu matan sun adana tsohon darasin a salularsu, amma yawanci daga shafin suke kunnawa. Waɗannan, da lokacin kwantar da yara ya yi, suka danna inda suka saba, kiɗan kokawa ya fashe a kunnen jarirai.

Ba a jima ba, wata safiya yana karin kumallo ya ji sallama a zaure, da kuka iri-iri. Barira ta leƙa ta dawo ta ce, "Ɗalibanka ne."

Mata ne cike da tsakar gida, daga Birni da Zango har da Sadiya da ta taso daga Dakusa, idanu jajur, ɗankwali a karkace, kowa da goyo. Suka shimfiɗa zannuwa suka zauna ba tare da an ce su zauna ba.

Sadiya ce ta fara. "Baba, mun zo biko. In laifi muka yi a yafe mana. Amma wannan na kokawar, ɗana har yanzu in ya ji an ce danna sai ya zabura."

Wata ta ce, "Mijina ya koma kwana a shago."

Mushe Tanimu ya miƙe tsaye, ya saɓa riga. Ya daɗe bai samu aji cike haka ba. Ya ce zai yi musu bayani, kuma yana so su saurara da kyau. Ya ce bulog ba shimfiɗa ba ce. Ya ce kafin a fahimci bulog sai an fahimci ordinater, kafin a fahimci ordinater sai an koma ga injin buga takarda na zamanin da, wanda ya fara gani a buro ɗin direkte, wato ofishin shugaban makaranta, yana saurayi. Fushin ya fara sauka, muryar ta koma inda ta saba. Ya bi tarihin a hankali, ya wuce wurin, ya dawo.

Yana tsakiyar bayanin ya lura kukan ya ɗauke. Jariran sun langaɓe a bayan iyayensu. Sadiya ta jingina da turmi, baki a buɗe. Barira na bakin madafa tana gyangyaɗi da ludayi a hannu.

Mace ɗaya ce idonta biyu, wata siririya da ke zaune a gefe da 'yarta a cinya. Ta ɗaga hannu kamar 'yar lekwal.

"Baba, sunana Aliya. Ni tambaya gare ni. A ƙarshen darasin lamba ka ce za ka nuna yadda ake fitar da takarda a inji, kuma ba ka nuna ba."

Ya zura mata ido. "Kin kai ƙarshe?"

"Tawa ba ta barci da wuri, sai an kai ƙarshe an sake. Ina jijjiga ta ina kallo, har na haddace. Yayana yana da shagon buga takardu wajen kasuwar Dole, yanzu ni ke zama masa da safe. Lamba kam ina sa wa kowane shafi, har wanda ba a ce in sa ba. Amma in aka zo fitarwa sai na jira shi."

Mushe Tanimu ya gyara tsayuwa. Ya yi gyaran murya, yaro ɗaya ya motsa, duk matan da suka farka suka harare shi. Dole ya sassauta.

Ya ce da raɗa, "Zan mayar da tsofaffin darussan. Amma da sharaɗi. Duk wadda ta kunna, ta bar shi ya kai ƙarshe. Kuma a daina kife mini fuska a ƙwarya."

Suka ce sun yarda, ba tare da ko ɗaya ta yi niyyar cikawa ba.

Ya sa aka ɗauko ordinater, ya zauna a tabarma, ya ce Aliya ta matso ta gani da idonta, tunda ga ta ga shi. Don ta samu hannun riƙe ɓeran na'urar mai juya kibiya, sai ta ɗora masa 'yar a cinya. Ya danna jan ɗigo, ya fara gai da mutanen Birni. Yarinyar ta ƙura masa ido, ta kama gemunsa, ba ta saki ba sai wajen Garin Malam. Da ya tsaya shan ruwa ta buɗe ido ta tattaro fuska, matan suka yi ta yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ya ci gaba.

Yana cikin nuna inda ake zaɓen girman takarda ya ji wani ɗumi yana ratsa babbar rigarsa, yana gangarawa har gwiwa. Ya dubi yarinyar, tana barcinta hankali kwance. Ya dubi jan ɗigon, yana nan yana ɗauka. Aliya ta kai hannu za ta karɓe ta, kunya ta rufe ta. Ya girgiza mata kai, ya nuna mata fuskar ordinater da haɓa.

Ya ce, "Ba laifi. Yanzu sai ki duba sama, wajen dama, akwai ɗan hoton inji."