Matattun Makirfo Huɗu

Coci tara 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo suka zagaya da wasan kutare goma na cikin Linjila, kuma a duka taran Injiniya ya yi abu ɗaya da hannunsa na dama bai ji ko ɗar ba. Sai da motarsu ta tsaya a ƙofar coci na goma, na garinsu, wanda ya buɗi ido ya ga ana kai shi, sannan abin ya fara damun sa.

Shi fa ba wani injiniya ba ne. Daga aji uku ya watsar da makaranta ya bi mai gyaran rediyo, 'yan ƙungiyar ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi. Aikinsa teburin sauti. Wasan nasu rabi magana rabi waƙa ne. Mutum goma sha biyu ne ke yawo a mota, amma amshin waƙoƙin, kwayar duk cocin da aka je, wato ƙungiyar mawaƙan cocin, ita ke yi. Tun da saura wata biyu Darakta yake tura musu waƙoƙin ta waya, murya ɗaya da fiyano, su yi ta bita.

Ranar wasa Injiniya zai kafa wa kwaya makirfo huɗu, ya ja wayoyin har tebur, a gwada, kowa ya ji muryarsa ta fito ya yi murmushi. Da an fara wasa sai ya ja maɓallan makirfo huɗun ƙasa, ya tura na biyar sama. Na biyar ɗin kwamfuta ce. A cikinta akwai muryoyin mawaƙa shida da aka ɗauka a sitidiyo, aka yi ta ninka su har suka zama kamar mutum arba'in. Lasifika biyu yake juyowa su fuskanci kwaya, ƙara ta cika musu kunne, kowa ya zaci shi da na kusa da shi ne suka iya haka. In an tashi sai ka ga tsofaffi suna rungumar juna suna hawaye, wai yau Ruhu ya sauko.

"Kwaya ce ke cika coci," in ji Darakta tun farkon tafiyar. "Kowace tsohuwa za ta jawo jikoki da surukai su zo kallonta. Amma wasan da na shekara biyu ina ginawa, ba zan bari a kashe mini shi da tari da kakari ba."

Ranar Asabar da hantsi Injiniya na durƙushe yana manne waya a ƙasa don kada a yi tuntuɓe, sai ya ga takalman da ya sani sun tsaya a gabansa. Mahaifiyarsa ce, rungume da rigar kwaya a goge cikin leda. Shekara talatin da ɗaya tana tsayawa a layi na biyu, ɓangaren hagu. Wata biyun nan kuwa, ƙarfe huɗu na yi take rufe keken ɗinkinta ta taho bita, masu kaya na ta yi mata tsiya.

"Auta, ka rame. Ba a ba ku abinci a motar ne?"

"Ana ba mu, Mama."

"To wanne ne nawa a cikin waɗannan?"

Ya nuna mata na biyu, bai ɗaga kai ba.

"Ka ɗan ƙara mini shi. Wannan matar da ke gefena ba waƙa take yi ba, kiran awaki take. Shekara ashirin tana danne ni." Ta yi dariya ta dafa kansa. "Na gaya wa kowa ɗana ne ke riƙe da injin."

Aka fara bita. A bita kiɗa kawai ake kunnawa, ba a sa muryoyin. Kwayamasta, mai koyar da kwayar, tsoho ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani a cocin: ba ya bin kiɗa, kiɗa ke bin sa. In aka zo ƙarshen baiti sai ya riƙe hannunsa a sama, a ja kalmar ƙarshe har sai ya ga dama ya sauke. Mai fiyanon cocin ya saba jiran hannun nan. Kwamfuta kuwa ba ta san hannu ba. Sau uku kiɗa yana tafiya ya bar su a baya.

"Ka ce wa injin nan ya jira mu," in ji Kwayamasta. "Sauri me ake? Sata muka yi?"

Injiniya ya zaci Darakta zai yi faɗa. Bai yi ba. Murmushi ya yi, ya ɗan rusuna.

"Baba, ku yi yadda kuka saba. Duk yadda kuka yi daidai ne. Mu ne ɗalibanku."

Murmushin nan ne ya ƙona wa Injiniya rai. Da zagi aka yi wa tsohon da ya fi sauƙi. Ana tashi ya bi Darakta bayan coci, inda janareta ke ta ƙugi.

"Maigida, gobe ina so a bar su su yi da bakinsu."

"Su wa?"

"Kwaya."

"Ba ka ji su ɗazu ba? Ko kunnen naka ma ya bar makaranta?"

"A cire kwamfutar, mai fiyanonsu ya bi su. Ya san su."

"In canja wasa a rana ɗaya saboda mutum ɗaya ya ƙi sauke hannu?" Darakta ya goge gilashinsa da bakin riga. "Kai dai faɗi gaskiya. Wacece a cikinsu?"

"Uwata ce."

"Yauwa. Ashe dai. Coci tara kana jan maɓallin nan kana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Waɗancan daga itace suka faɗo? Ba su haifi kowa ba?"

Injiniya ya san gaskiya Darakta ya faɗa. Wannan ya ƙara tunzura shi.

"Ƙarya muke yi musu a cikin ɗakin Ubangiji!"

"Muke, ka faɗa da bakinka. Ka ga, a bar kaza cikin gashinta. Gobe mahaifiyarka za ta koma gida tana jin ta yi waƙar da ba ta taɓa yi ba. Wannan kyauta ce. In ba za ka iya ba, direba ma ya san maɓalli biyar."

Lahadi da la'asar coci ya cika har tagogi. An kawo kujerun roba an jera a baranda. Teburin Injiniya na tsakiyar hanya can baya, daga nan yana hango komai: labulen da aka zana ƙofar gari a jiki, 'yan wasa naɗe da tsummoki, da kwaya mutum talatin da shida a tsaye gaban bencinansu cikin shuɗiyar riga.

Waƙar farko ta zo. Hannunsa ya yi abin da ya saba tun kafin ya yi shawara da shi: huɗu ƙasa, ɗaya sama. Muryoyin sitidiyo suka cika cocin, sumul, ba gargada. Mutane suka gyara zama. Wata mata a gabansa ta ce, "Kai! Yaushe iyayenmu suka zama haka?"

Shi mahaifiyarsa yake kallo. Ta matso kusa da makirfo na biyu, ta dafa ƙirji, tana rage murya in ta zo kusa tana ƙarawa in ta ja baya, kamar yadda ya koya mata jiya. Duk ƙoƙarin nan a cikin mataccen ƙarfe take zuba shi. Da waƙar ta ƙare aka ɓarke da tafi, ta nemo shi da ido ta ɗaga masa gira, wato ka ji ni ko?

Zuciya ta ɗebe shi. Bai tsaya tunanin abin da zai biyo baya ba. Waƙa ta biyu na farawa ya ja na biyar ƙasa har ya buga, ya tura huɗun sama, na biyun ya ƙara masa fiye da sauran.

Abin da bai lissafa ba shi ne, kiɗan, da ke kan layinsa daban, yana nan yana gudu, kuma muryoyin da suka ja kwaya a waƙar farko sun ɓace. Abin da ya fito daga lasifika muryoyin tsofaffi ne tsirara. Ga mai kiran awaki, ga wani dattijo da ya shiga baiti tun ba a zo ba, ga tari. A saman su duka ga muryar mahaifiyarsa, mai kauri, tana rawa kaɗan, tana bin kiɗan da ya riga ya yi mata nisa. Kwayamasta ya riƙe hannu a sama a ƙarshen baiti, kiɗa ya wuce abinsa. Ɗan wasan da ke kuturu na goma ya tsaya baki buɗe, bai san wa zai bi ba.

Samarin da ke baranda suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Batir ya ƙare!"

Injiniya ya ji kamar ya nutse a ƙasa. Ya so a ji ta, ga shi an ji ta.

Kwayamasta ya sauke hannu. Kwaya ta yi tsit, kiɗa na ta yi shi kaɗai. Tsohon ya juyo a hankali ya kalli lasifikan da ke gabansu, ya kalli tebur. Shekara arba'in yana jin muryoyin nan, bai buƙaci a yi masa bayani ba.

Mahaifiyar Injiniya ce ta yi magana, kuma a makirfo na biyu ta yi ta, wanda aka ƙara wa ƙarfi.

"Auta, kashe kiɗan nan."

Ya kashe.

"Wannan da aka ji yanzu mu ne. Na san muryata. Ta ɗazu fa? Wa ya yi ta?"

Darakta ya riga ya iso tebur yana huci, ya sunkuyo yana magana ta tsakanin haƙora: "Ka ce waya ce ta sami matsala. Ka mayar, yanzu."

"Kwamfuta ce, Mama," in ji Injiniya da ƙarfi. "Naku a kashe yake."

Coci ya ɗauki guna-guni. Fasto ya miƙe, ya sake zama. Darakta ya ɗaga hannu biyu yana tafiya gaba.

"Iyayena, ku yi haƙuri, taimako ne kawai, ɗan tallafi ne ga murya, ko'ina haka ake…"

"Ɗana, dakata," in ji Kwayamasta. "Jiya ka ce mini duk yadda muka yi daidai ne. Na kwana ina yabon tarbiyyarka. Ashe ba ji za a yi ba." Ya zare rigar kwaya ta kansa, ya ninke ta a hannu. "Tunda kana da mawaƙa, mu ma bari mu zauna mu sha waƙa."

Ya sauko ya zauna a bencin gaba. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka biyo shi, jikoki na matsa musu wuri. Ba wanda ya fita. Talatin da shida suka zauna suka naɗe hannu suna kallon Darakta.

"Ci gaba mana," in ji mai kiran awaki. "Ai mun ga kutare ba su warke ba tukuna."

Darakta ba shi da wata hanya, wasan ba ya tafiya sai da amshi. Ya daka wa direba tsawa ya zo ya karɓi tebur. Injiniya ya matsa masa, har da nuna masa na biyar. Aka koma waƙa ta biyu. Muryoyi arba'in masu daɗi suka tashi daga wajen bencinan da ba kowa, makirfo huɗu na tsaye su kaɗai. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. 'Yan wasan suka ƙarasa da kai a ƙasa, aka rufe labule ba tafi ko ɗaya.

A waje Darakta ya wurgo masa jakarsa daga bayan mota.

"Ka huta? Ka tozarta ni, ka tozarta uwarka. Wa ya ci riba?"

Injiniya ya ɗauki jakar ya bi bayan mahaifiyarsa, wadda ta riga ta kama hanya da ledarta. Ya miƙa hannu zai karɓa mata, ta janye.

"Mama, don ke na yi."

"Don ni. Jiya da na tambaye ka wanne ne nawa, bakinka ciwo yake? Da ka faɗa mini a kunne, da mun san abin yi ba a gaban surukaina ba."

"Na ji tsoro."

"Coci nawa kuka je kafin nan?"

"Tara."

Ta tsaya cak a tsakiyar titi, har mai babur ya kauce mata yana zage-zage.

"Tara. Kuma suna can har yau suna ba da labarin ranar da suka yi waƙa." Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kana da lambar masu koya musu?"

"Suna cikin wayata."

"To gobe ka zauna a shagona ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ina ji. Ka faɗa musu da bakinka."

"Mama, za su zage ni."

"Su zage ka mana. Ni ma ban gama ba."