Jan da Ba Nata Ba

Idan mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba, alhali duk duniya babu mai iya leƙa cikin kansa ya ƙaryata shi, kuma ba a cuci kowa ba, wa ya yi wa ƙaryar? Na kai wa malamai biyu wannan tambaya a Masjid Jamek, wani masallaci a nan Kuala Lumpur. Ɗaya ya ce ƙarya ƙarya ce. Ɗayan ya tambaye ni ko na ci abinci. Har yau ban samu amsa ba, kuma a kan Mubina nake tambayar, 'yar ƙanwata Hajjo.

Mubina tana ganin launin sauti. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani launi yakan gifta mata a ido. In cokali ya faɗi, wani daban. Tana 'yar firamare suka zo Kuala Lumpur, lokacin da jami'ar mahaifinta, Malam Hambali, ta turo shi ƙaro karatu. Ni na riga su zuwa, ina sayen yadi da mayafai a titin Jalan Masjid India ina aikawa Kano. Ranar da yarinyar ta ce muryar ladanin unguwarsu ruwan zuma ce, Hajjo ta yini tana tofa mata addu'a. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Daga baya wani likita ya ce ba ciwo ba ne, haka aka halicci wasu mutane, ya ba abin wani dogon suna da babu wanda ya riƙe a gidan.

Fiyano kuwa a wajen maƙwabciyarsu Mubina ta same shi a unguwar Danau Kota, wata tsohuwa mai suna Madam Chew da ke koyar da yara. Hambali bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ban ce halal ba, ban ce haram ba. A dai yi salla a kan lokaci." Daga baya ma shi ya saya mata wani tsohon fiyano aka jingina shi da bangon falo. Kafin ta gama sakandare ta ci gasa a Penang da Singapore, ta kuma fara tsara kiɗan kanta.

Ranar Asabar takan bi ni kantunan yadi. Sai ta rera ɗan wani yanki a maƙogwaro, ta zaro bandir ta ce, "Kawu, ga shi nan, wannan ne." Launukanta ba masu ɗaukar ido ba ne: toka-toka, ruwan ƙasa, kore mai duhu irin na gansakukar bango. Wani Ba'indiye mai kanti yakan ce mini, "Alhaji, 'yarka ta iya zaɓen abin da ba ya sayuwa." Kiɗanta da ya fi kowanne, wanda ta sa wa suna Bayan La'asar, duk da waɗannan launuka ta gina shi. Ruwan sama ne a kan filin ajiye motoci da ke ƙarƙashin tagarsu.

A shekarar 2016 Hambali ya kammala digirinsa na uku. Jami'arsa tana jiransa, kuma bizar iyalinsa a jikin tasa take rataye. In ya tafi, Mubina ta tafi. Hanya ɗaya ce ta rage: wata gidauniya tana ɗaukar nauyin matashi ɗaya a kwalejin kiɗa, da bizar ɗalibi da masauki. Za a zaɓe shi ne a wani taro da masu ba da tallafi za su halarta. Mubina ta shiga cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe.

Ni na raka ta wajen mai shirya taron, Encik Razlan, wato Malam Razlan a yarensu, mutum mai fara'a wanda bai bar mu mun zauna ba sai da aka kawo shayi. Ya ce yana da dabara. Tana kiɗa, za a riƙa haska launukan da take gani a babban allo bayanta. Ya tambaye ta launukan, ta faɗa masa. Murmushinsa ya ɗan ragu.

"Toka? A allo zai zama kamar na'urar ce ta lalace. Duba wannan."

Ya juyo mana da kwamfutarsa. Ja ne da ruwan lemo, rana tana faɗuwa, ga wata bishiya mai faffaɗan kai, ga raƙumin dawa.

"Mu kira shi Faɗuwar Rana a Afirka. In kin gama, mai gabatarwa zai tambaye ki me kika gani, ki ce garinku kika gani. Boleh? Kin yarda?"

"Ni ban taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a gidan zu na nan garin," in ji Mubina.

Ya yi dariya sosai. "To mu cire shi. Amma jan ya zauna. Masu ba da tallafin nan ba su san kiɗa ba, labari suke saye. Sauran yaran ma sun iya kiɗa, ke ce kawai mai labari."

"Babu ja a cikinsa ko ɗigo."

"Wa zai sani?"

Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ba zan faɗa ba. Kawu, mu tafi."

A gida aka yi abin da ya fi ɗaure mini kai. Na tarar da su a tsakiyar kwalaye, Hajjo tana naɗe kofuna da jarida. Hambali, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarya ko a wasa ba, shi ne ya ce, "Mubina, launi ne fa kawai. Ki ce ja. Ba shaida za ki bayar a gaban alƙali ba."

"Abba, in na faɗa sau ɗaya, shi ke nan fa. Duk inda na je jan nan zai riga ni isa. Kowane kiɗa na yi, za a ce ina rana, ina bishiya."

"A'a, ki tsaya a kan gaskiyarki," in ji Hajjo, ba ta ko ɗago ba. "Ban haifi maƙaryaciya ba."

"Ke dai ki ce ba kya son a bar miki 'ya a nan," in ji Hambali.

"To laifi ne? Kai da ka ce ba ka ce halal ba, yanzu har fatawar ƙarya kake bayarwa? Sannu Dakta."

Na dube su. Uban yana tura ta ga ƙarya domin yana sonta. Uwar tana riƙe ta a kan gaskiya domin tana son ta rasa gurbin su tafi tare. Mubina ma ta gane. Ta juyo gare ni.

"Kawu Datti, kai fa?"

Na ce ina tunani. Hajjo ta ce, "Yaya, kai tun muna yara kake tunanin nan."

Ana saura 'yan makonni taron, aka zo ɗaukar fiyanon. Hambali ya bincika: ko an kai shi gida, babu mai gyara masa murya a garin da za su, kuma gidan ma'aikatan jami'a bango ɗaya ne da maƙwabta. Wani mutumin unguwar Setapak ya saya wa jikarsa. Madam Chew kuma ta riga ta koma garin Ipoh wajen ɗanta. Mubina ta tambayi mahaifinta ko akwai fiyano a can inda za su. Ya ce ya san wani mai ba da hayar kayan kiɗan biki, yana da na lantarki.

Wata ranar Juma'a na biya da ƙunshin soyayyiyar shinkafa daga shagon abincin ƙasan benensu. Na same ta a teburin cin abinci, ta baje yatsu tana buga katako. Ta buga Bayan La'asar tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas na farce. Da ta gama ta zauna tana kallon hannuwanta.

"Kawu, tebur ba shi da launi."

"Ai kin haddace su."

"Da ma haka na zata. Jiya na nemi koren nan na tsakiya, na rasa. Na san yana nan, amma ban gan shi ba." Ta ture abincin gefe. "In na yi shekara a haka fa?"

Ba ta gaya wa kowa abin da ta yanke ba.

An yi taron da yamma a wani zaure kusa da Bukit Jalil. Muka zauna a jere, Hajjo a tsakiyarmu da jakarta a cinya. Wani yaro ya kaɗa, wata yarinya ta kaɗa, aka tafa musu daidai gwargwado. Sai Mubina ta fito cikin baƙar abaya, ta zauna, ta rufe idanunta gam. Ba ta saba rufe ido in tana kiɗa ba.

Sautin farko yana fita, allon bayanta ya kama da ja.

Hajjo ta damƙi hannuna. Hambali ya sunkuyar da kai, shi da ya ba da shawarar. Kiɗan dai shi ne wanda na sani, ruwa yana zuba a kan kwalta da rufin motoci, a hankali, ba gaggawa. A bayanta kuwa rana tana ta ƙuna, jan ya zubo har kan mayafinta da yatsunta. Matar da ke gabana ta ciro hankici tana share ido. Da aka gama mutane suka miƙe tsaye, Encik Razlan yana tafi sama da kansa.

Mai gabatarwa ya matso da makirfo. Ya ce wannan baiwa ce da ba kowa ake ba ba, ya roƙe ta ta gaya wa jama'a abin da ta gani lokacin da idanunta suke rufe.

Mubina ta buɗe ido. Ta dubi layinmu, ta wuce mahaifinta, ta wuce mahaifiyarta, ta ɗan tsaya a kaina. Sannan ta karɓi makirfon da hannu biyu.

"Ja na gani," ta ce. "Jan faɗuwar rana a garinmu."