Ƙusoshin Kakanni

"Mama, ke ma kin tsufa ne?"

Runa ce, 'yata mai shekara huɗu. Muna gindin dutse, ina durƙushe ina ɗaura mata robar nan mai ƙusoshi a ƙarƙashin takalmi, don kar ta zame a ƙanƙara. Na ce wa ya gaya mata haka. Ta nuna ubanta.

"Baba ya ce ƙusoshi na kakanni ne."

Mijina Aslak ya hau gyaran jaka kamar bai ji ba. Namiji a nan Norway ya gwammace ya karye da a gan shi da ƙusoshi. Nasa suna cikin jakata, tun bara na saya, ko kwalin bai buɗe ba.

"Afrilu fa muke, Solfrid," in ji shi. "Dubi rana. Ni a kan ƙanƙara aka haife ni."

"A asibiti dai. Na tambayi mahaifiyarka."

Hawa bai ba mu wahala ba. Ɓangaren yana kallon rana, duk ya narke, sai laka. Aslak na gaba yana kwaikwayon ƙarar takalmina, ƙwaras-ƙwaras, Runa na dariya. A ƙoli muka ɓare lemo, muka sha kofi.

Saukowa ta bayan dutsen ce, inda tashar bas take. Can rana ba ta kaiwa. Ruwan da ya narke ya bi hanya ya sake daskarewa, sumul kamar bayan kwalba, ga rami ta hannun hagu. Nan Runa ta ce ƙafarta ta gaji. Aslak ya durƙusa zai goya ta.

Na riƙe hannunta. "Marar ƙusoshi ba ya goya min 'ya."

"'Yata ce fa."

"Ni ma ba aro na yi ba. Ga su, saka."

Har ya miƙo hannu, sai muka ji muryoyi. Tsofaffin matan unguwarmu ne ke hawowa a jere, maƙwabciyarmu Inna Borghild a gaba, kowacce ƙwaras-ƙwaras. Ya janye hannun.

"Bari su wuce tukuna."

Na goya Runa da kaina, na ɗaure ta tam. Shi kuwa ya soka hannu a aljihu ya yi gaba, wai ya nuna mana. Taku na farko ya yi kyau. A na biyu ya zauna, hanya ta ɗauke shi.

Mu a gari ba ma gaisawa, ko a bas kowa taga yake kallo. Amma a kan dutse, duk wanda ka wuce sai ka gaishe shi. Aslak kuwa mai tarbiyya ne. Yana tafiya a kan mazaunai, ƙafafu a sama, yana bin su ɗaya bayan ɗaya: "Barka. Barka. Barka, Inna." Su ma suna amsawa, har wata bishiya ta tare shi.

Inna Borghild ta leƙa shi. "Yaron nan, kullum kana sauri. Bas ɗin da saura."

Na sauko a hankali, Runa lafiya lau a bayana. Wandonsa ya yage, shi ko ƙwarzane. Ya ɗago min ƙafa na ɗaura masa ƙusoshin.

Ke mai karatu, in za ki hau dutse lokacin narkewar ƙanƙara, kar rana ta ruɗe ki, ki tambayi ta inda za a sauko. Kuma kar ki ba kowa goyon ɗanki sai kin duba ƙarƙashin takalminsa, ko da ubansa ne.