Sunan da ke Layi na Goma

Wata bakwai Direba ya yi a kwance kafin ya yarda a taɓa masa tsohon gem ɗinsa. Tun ranar da tirela ta kife da shi bayansa ya ƙi ɗaukarsa. Mutumin da kan yi sati bai kwana a gida ba, sai ga shi ya koma ƙirga tabon ruwa a silin. Talabijin tana falo, shi yana ɗaki, zama kuwa ya gagara.

Matarsa Auta ce ta kawo shawarar, da yake yayanta gwani ne a wata sana'a. Sai ya ɗauki tsohon gem irin wanda ake jonawa da talabijin, ya kwance shi, ya yanke koren allon da ke ciki ya rage masa girma, ya sa masa ɗan gilashi da batir da madannai, ya koma abin riƙewa a tafin hannu. Ko a kwance mutum yake sai ya buga abinsa.

Ba taurin kai ne ya hana Direba ba. Gem ɗin nasu ne shi da ɗan tagwayensa Bahago, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. A cikin wasan akwai jerin maki goma mafi yawa, kowanne da sunan mai shi, kuma wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga ne ke riƙe da jerin. Batir ya fita, sunaye su bi iska.

"Na yarda, amma da sharaɗi," in ji shi. "Ƙafarki ƙafarsa. Kada a sa masa zarto sai kina tsaye."

"Haba, Direba, Yaya ne fa."

"Na san Yaya ne. Ki tsaya dai."

Shagon Yaya ɗan siriri ne, ƙaurin dalma ya kama bango, fankarsa mai fiffike biyu tana ta ƙugi a banza. Ya kwance na'urar, ya ɗaga allon a gaban fitila, ya daɗe yana kallo kamar mai duba ƙwai. Har da ɗan fito.

"Kin san irin wannan ya ƙare a duniya? Fitowar farko ce."

"Ni sunayen ne damuwata, Yaya."

"Sai in jona wani batirin ta gefe kafin in cire wannan. Aikin kwana biyu ne, amma na saba. Je ki abinki."

"Ya ce in tsaya."

"Ki tsaya ki yi me, ki riƙe mini zarto? Ni ba na yanka ana yi mini huci a ƙeya. Hannu ya karkace da faɗin gashi ɗaya, shi ke nan an yi jana'izar allo. Kuma ai kin san ƙa'idata."

Kowa ya san ƙa'idar. Duk na'urar da Yaya ya yanka, sai ya sa gutsuren allon a ambulan ya miƙa wa mai ita, shaida ke nan cewa kayansa ne a ciki, ba a yi masa musanya ba. Da wannan ya yi suna. To, ina dalilin tsayuwa? Wannan fa shi ne ya goya ta, shi ya koya mata ɗaure igiyar takalmi. Ga ɗinkin mutane ta bari a kan keke. Ta saɓa jaka ta tafi. Da ta isa gida Direba ya tambaya, ta ce, "A gabana ya ja layi, a gabana ya yanka." Ko ɗar ba ta ji ba, don a ganinta idon Yaya idonta ne.

Bayan sati uku kaya suka iso. Kai, aikin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Baƙi sumul, madannai jajaye, ba nauyi. Ga kuma ambulan, a ciki gutsuren kusurwar allo, har da soket ɗin da Bahago ya taɓa naɗewa da jan salatif. Direba ya juya gutsuren a hannu, fuskarsa ta saki a karo na farko tun haɗarin.

Ya ɗora na'urar a ƙirji ya kunna. Kiɗan wasan ya tashi. Ya shiga jerin maki, Auta ta leƙa ta gefen matashi, ta ga sunan Bahago ɗare-ɗare a layi na ɗaya.

"Ka gani ko? Ga mutuminka nan a sama."

Ƙasa ya gangara da yatsa, ya tsaya a can har kiɗan ya zagayo sau biyu.

"Auta, layi na goma ba shi ba ne."

"Wane irin ba shi ba ne?"

"Na ɗaya ai kowa ya sani, da lafiyarsa ya ci. Na goma shi ne wasansa na ƙarshe. Hannunsa yana rawa, ni na riƙe masa madannin ta ƙasa. Da ƙyar ya shiga jerin, ya yi ta dariya wai ko na kashin baya ma shiga ce. Shekara tara, duk lokacin da na ga makina zai ture shi, sai in saki wasan a kashe ni." Ya juyo da gilashin wajenta. "Yanzu sunana ne a wurin, da makin da ban taɓa ci ba."

Ya ɗago ido ya dube ta.

"Kin dai ce kina tsaye?"

Nan ne ya kamata ta faɗi gaskiya. Amma bakin da ya yi ƙarya jiya ya fi saurin maimaita ta yau. Ta ce, "Wallahi ina tsaye. Wataƙila wani abu ne ya goce, bari in kai masa."

Rana tsaka ta isa shagon, ko sallama ba ta yi ba. Ta dire na'urar a kan tebur.

"Buɗe."

"Lafiya? Ba a buɗe sabon aiki haka kawai, gam bai..."

"Yaya, ka buɗe, ko in buɗe da dutse."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a idonta. Ya ɗauki sukundireba, ƙusa huɗu suka fita. Auta ba ta san komai a kan lantarki ba, amma tela ce, ta san yanka. Allon da ke ciki ɗan mitsitsi ne, shuɗi, gefensa santsi kamar yadda ya fito daga kamfani, zarto bai taɓa shi ba. Sauran filin an cusa masa soso don kada ya yi ƙara.

"Ina namu?"

Ya fara kame-kame, daga nan ya ga ba mafita, ya saki zancen. Wani babban mutum ne mai tara tsofaffin na'urori, shekara biyu yana neman fitowar farko a mayar masa ta hannu. Zai kai ta baje koli, da sunan Yaya a rubuce a jiki. Wannan ɗan shuɗin allon kuwa kwaikwayo ne, yana buga wasan tsaf, wa zai gane?

"Gutsuren naku ne, ban yi ƙarya ba," in ji shi. "Naku na yanka."

"Ka yanka namu ka ba wani, ka aiko mana da ƙashi."

"Auta, mutumin nan a kwance yake. Wasa yake so ya rage zafi, ga wasa. Har kwana biyu na ɓata ina shigar da sunaye. Na ɗaya da na biyu na kwafa daidai, sauran na cike. Wa ke duba na goma?"

"To karɓo namu daga wajensa. Yau ɗin nan. A cire allon a mayar mana."

Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da wata guntuwar waya.

"Babban mutumin ya ce fes yake son ƙwaƙwalwar gem ɗin, ba suna ko ɗaya. Ban jona batirin gefe ba."

Ta daɗe kafin maganar ta shige ta. Ashe ba kuskure ba ne, ba hannu ne ya karkace ba. Yana sane ya sa ɗan yatsa ya ɓalle batirin, bayan ta zaunar da shi ta gaya masa abin da ke ciki. Da baƙo ne da ta tara masa jama'a, amma wa za ta tara wa wanda suka sha nono ɗaya?

"Na rantse masa da Allah saboda kai," ta ce. "Ka ci amanata, Yaya, ka kuma sa na ci tasa."

"Ki bari in zo in yi masa bayani..."

Ta fice ta bar shi da bayaninsa da sosonsa.

A hanya ta shirya magana kala-kala, duk suka watse da ta ɗaga labulen ɗaki. Direba yana yadda ta bar shi, idonsa a silin. Ta durƙusa a gefen gado ta zayyana masa komai, babban mutum, shuɗin allo, batir. Ta zagi Yaya, ta ce ita da shagonsa har abada. Jira take ya yi faɗa, ya tsine, ya yi wani abu dai.

Ya bari ta gama tas.

"Yaya ɗan sana'a ne," ya ce a hankali. "Tun ranar da na fara nuna masa na'urar nan na ga yadda idonsa ya yi. Shi ya sa ban ba shi amana ba. Ke na ba."

"Direba, ka yi haƙuri, na ɗauka..."

"Ba ni da ƙafar zuwa ko'ina, Auta. Abin da likita ya ce miki a waje, abin da ke faruwa a bakin ƙofa, duk daga bakinki nake ji. Wata bakwai ban taɓa tambayarki sau biyu ba sai yau." Ya juyo da ido ya dube ta. "Ranar da kika fito daga ofishin likita kika ce ya ce zan tashi. Shi ma haka ya faɗa?"

Haka likita ya faɗa, gaskiya ce tsantsa. Ta buɗe baki za ta ce wallahi, sai ta ga yadda yake kallonta, ta san ko ta faɗa, rantsuwar ba za ta shige shi ba.