Rediyon Shagon Goggo

Shekarar da Umma ta samu cikin tagwaye, likita ya ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗaga. Hutun makaranta ya zo, gidanmu ɗaki biyu ne, ni kuma a lokacin ba na iya zama wuri ɗaya. Sai Baba ya zuba kayana a jaka ya kai ni wurin yayarsa, Goggo, can ɗaya gefen gari. Ina wajen shekara goma.

Goggo tela ce. Shagonta yana ƙasa, ɗakin kwananta yana sama, da wata matakalar katako mai kuka idan an taka. A shagon akwai kekunan ɗinki uku, da teburin yanka, da dutsen guga, da mata biyu da ke yi mata aiki. Ɗaya Doguwa, wadda bakinta da ƙafarta a kan feda ba sa hutawa. Ɗaya kuma Mai Maɓalli, wata 'yar firit da ke zama bakin ƙofa saboda haske, tana sa maɓalli tana kalmasa, sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

Mijin Goggo ya rasu 'yan shekaru kafin nan, kuma ba su haihu ba. Ma'aikacin gidan waya ne. Abin da nake iya tunawa game da shi kaɗan ne: mutum a kujera da littafi a hannu, wanda sai an maimaita masa magana yake ɗagowa, saboda an ce kunnensa ya yi nauyi.

Ban daɗe da zuwa ba Doguwa ta ture kofin ruwan guga a kan rediyon shago, ya yi wani ƙara ya mutu. Akwai wani dattijo mai gyaran keken ɗinki da ke zuwa da gwangwanin mansa ko ba a kira shi ba. Shi ya ɗauki rediyon, ya ce ai duk inji inji ne, zai duba. Daga nan kullum sai ya leƙo ya ce saura kaɗan, ya zauna, Goggo ta zuba masa shayi ba tare da ta dube shi ba.

Aikina a shagon shi ne tsince allurai da maganaɗisu. Garin tsintar na shige ƙarƙashin teburin yanka, na tarar da wata adaka bayan buhun ƙyallaye. Na buɗe. Littattafai ne cike da ita, takardunsu sun yi ja, suna warin tsohon ɗaki. Na ɗauko ɗaya na duba, babu hoto ko guda, rubutu ne ƙanana tun daga sama har ƙasa.

"Goggo, na wane ne waɗannan?"

"Na marigayi ne. Mayar."

"In karanta?"

"Ke da ko sunanki sai kin fitar da harshe kike rubutawa?"

Doguwa ta ce, "Bar ta ta karanta mana, Goggo. Shirun nan zai sa in fara hira da almakashi."

Haka aka ɗora ni a kan wata kujera 'yar tsugune a tsakiyar shago. Kekuna suna ƙara, don haka sai na ɗaga murya, kuma da salon aji nake karatun, kowace kalma da nauyinta ɗaya, ko ta fushi ce ko ta gaisuwa. Kafin mako ya ƙare sunana ya koma Rediyo. Idan wata ta shigo awo, Doguwa ta ce, "A kashe Rediyo," in yi shiru da yatsana a kan layi. Idan ta fita ta ce, "Kunna."

Littafin farko labarin wani akawu ne da surutun gidansa ya dame shi, ya yi ƙaryar ya kurumce don ya huta. Da mutane suka yarda ba ya ji, sai suka shiga faɗin duk abin da ke ransu a gabansa. Surukarsa tana zuba masa abinci tana murmushi tana cewa da ma ya shaƙe. Ni ban ga abin dariya ba, amma Doguwa har sai da ta ɗinke hannun riga a rufe. Ko Mai Maɓalli na ga kafaɗarta tana rawa.

Goggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauke ƙafa daga feda, ta ce in maimaita wurin da akawun ya fara gwada dabararsa a kan matarsa. Na maimaita.

"Ashe abin da ke ba marigayi dariya ke nan," in ji ta. "Sai ya zauna can yana ƙyaƙyatawa shi kaɗai, in ce mene ne, ya nuna mini kunne." Ta ja yadi ta daidaita. "Lallai mutumin nan. Allah ya jiƙansa dai."

Doguwa ta ce, "Goggo, kin tuna abin da kika riƙa faɗa a gabansa kuwa?"

"Ɗinka abin da ke gabanki."

Goggo ta san baƙi gwargwadon rubuta awo da sunan mai kaya, amma ba ta taɓa zama da littafi ba. Daga ranar ita ke cewa in ɗauko, tun kafin in gama shan shayi.

Mun gwada wani na tarihin yaƙe-yaƙe, Doguwa ta ce sunayen sun fi mutanen yawa, aka ajiye. Mun gwada wani na cututtuka da maganinsu, na wuni ina duba idon kowa ina cewa jininsa ya yi ƙasa, Goggo ta ƙwace ta ɗora a saman kabad. Sai muka faɗa kan wani mai kauri da bangonsa ya cire, wanda ya cinye mana sauran hutun.

Labarin matar wani mai kwale-kwale ne da ke tsallakar da mutane a kogi. Wata shekara ruwa ya yi ambaliya ya tafi da shi, ba a ga gawa ba. Ta jira har ta gaji, ta auri abokin aikinsa, mutum mai haƙuri da ya riƙe mata kwale-kwalen. Bayan shekaru sai ga na farkon ya dawo da ƙafarsa.

Nan shago ya rabu biyu. Doguwa ta ce na farko shi ne miji, sauran duk cikon benci ne. Mai Maɓalli, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu ba, ta ɗago ta ce, "Wanda ya tafi bai san yadda aka kwana ba. Wanda ya zauna shi ya gyara rufin ɗaki." Ta mayar da kai kan aikinta. Goggo ba ta shiga gardamar ba. Amma na lura idan mai gyaran keke ya shigo muna tsakiyar wannan littafi, ita da kanta take cewa a kashe Rediyo.

Ni abin da na gane a ciki bai kai rabi ba. Akwai kalmomin da idan na tambaya sai Doguwa ta ce idan na girma na sani. Amma wani abu ya shige ni. A littattafan makaranta manya ba sa kuskure, su ne ke zuwa ƙarshen labari su yi wa yaro faɗa. A nan kuwa manya ne ke tsoro, suna ƙarya, suna faɗin abu bakinsu daban cikinsu daban. Sai na fara kallon mutanen da ke shigowa shago ina tunanin kowa da nasa shafin da ba a karanta mini ba.

Wata rana da hantsi ina tsaye a kan kujerata, mun zo wurin da mijin farko ya tarar da matar a bakin kogi tana wanki, ya kama wuyan hannunta. Kekuna duk sun tsaya. Na ɗaga murya kamar mai karanta jadawalin lissafi na ce, "Cikin abokinka nake ɗauke da shi, amma wallahi jikina bai manta da kai ba."

Na ɗago, sai na ga duk ƙofa suke kallo. Baba ne tsaye da makullin mota a hannu. Direba ne a wani kamfani, ya saci hanya ya zo ya gaya mana Umma ta sauka lafiya, mace da namiji.

Sai da aka gama barka da guɗar Doguwa, sannan ya miƙo hannu. Na ba shi littafin. Ya duba shafin, ya rufe.

"Yaya, wannan ne abin da na kawo ta ta koya?"

"Karatu ka sa ta makaranta ta koya, Auta, ga shi kuwa tana yi."

"Yarinya ƙarama, a gaban mutane?"

"Ita ba ta san abin da ta faɗa ba. Kai da ka sani, kai ne kunya ta kama."

"Ni dai ban ji daɗi ba, Yaya."

"Na goya ka, ka yi mini fitsari a baya, ni ma ban ji daɗi ba. Ba ni littafin mijina."

Bai ba ta ba. Ya ce zai duba abin da ke ciki tukuna, idan babu ɓarna ya dawo da shi. Ya ce in haɗa kayana. Doguwa ta biyo mu har bakin mota tana cewa ko shafin ƙarshe ne a bari a karanta, Baba ya yi kamar bai ji ba.

A gida babu wanda ya sake tayar da maganar. Jarirai biyu sun cika ɗaki da kuka da shanya, ni ce mai miƙo wannan da riƙe wancan. Aka koma makaranta. Littafin karatunmu na wannan zangon labarin wani yaro ne da ya ƙi wanke hannu ya yi ciwon ciki. Na karanta shi a zama ɗaya na rufe.

Wata safiya Baba ya rage mini hanya. Ya tsaya shan mai ya fita, ni kuma na buɗe akwatin gaban mota ina neman alewa. Littafin na ciki, an naɗe kusurwar wani shafi. Aikin Baba yawancinsa jira ne, ya kai maigidansa ofis ya zauna a mota har a tashi. Bayan kwanaki na sake dubawa, naɗin ya yi gaba, ya wuce inda muka tsaya.

Da tagwaye suka yi ƙwari, Umma ta ce a kai wa Goggo yadi ta ɗinka musu kaya. Muka tafi ni da Baba ranar da ba aiki. Rediyon shago ya dawo yana ta magana a kan kabad, mai gyaran keke yana zaune da kofinsa. Baba ya ajiye yadin, ya ajiye littafin a kan teburin yanka, ya ce sauri yake yi.

Goggo ta miƙa hannu ta rage muryar rediyo. "Ka duba?"

"Na duba."

"Akwai ɓarna?"

"Ba dai na yara ba ne."

"To, wa ta zaɓa?"

Baba ya dubi ƙofa. Doguwa ta riga ta ja kujera ta tare hanya.

"Ba ta zaɓi kowa ba," in ji shi. "Bayan ta haihu ta ce kowa ya kama gabansa. Ta karɓi kwale-kwalen, ita ta ci gaba da tsallakar da mutane."

"Sai kuma me?" in ji Doguwa.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Duk wannan kauri? An cuce mu!"

"Ai ba haka kawai ya faru ba," in ji Baba. "Sai kin ji abin da na biyun ya yi ranar da ta gaya masa."

Ya ajiye makulli. Mutumin da ya ce sauri yake yi sai da ya kai azahar a tsaye tsakanin kekuna, yana ba da labari da hannu da ka, har yana canza murya idan matar ce ke magana. Ni aka aika sama in ɗora ruwan shayi, aka ce kada in sauko sai ya tafasa. Na zauna a kan matakala na ji komai. Da ya gama, Mai Maɓalli ta ce matar ta yi wauta. Mai gyaran keke ya ce shi ma haka ya gani, sannan ya sunkuyar da kai cikin kofi.

Goggo ba ta faɗi nata ra'ayin ba. Shekara na zagayowa ta auri mai gyaran keke, ba wani taro, ya kwaso akwatin kayan aikinsa ya hau sama. Sun zauna tare har tsufa ya hana ta ganin ramin allura. Doguwa ta buɗe nata shagon a wata unguwa, ta tafi da Mai Maɓalli, na ji an ce har yanzu ba su daina saɓani a kan komai ba. Baba kuwa tun daga lokacin idan ya kai mu gaishe da Goggo, sai ya tsaya a ƙasa, inda adakar littattafan take, ya ce zai duba tayar mota, mu hau mu fara gaisawa, yana nan tafe.