Sabulu Mai Launin Laka

Ba banza 'yan ajinsu suke kiranta Barkono ba. Yarinya ce 'yar firit, amma in ta buɗe baki sai ka nemi ruwa. Ita ce shugabar tawagar makarantarsu a gasar haɗa sabulu da naɗe shi, kuma kowa ya san ƙa'idar gasar: duk sabulun da aka kai, ɗakin haihuwa na asibiti za a miƙa wa shi kyauta.

Sabulunsu na farko ya yi makonni a kan kantar ɗakin gwaje-gwaje yana shan iska, ya bushe ƙarau, zafin sodar cikinsa ya mutu murus. Sai dai muni, ba a magana! Launin laka, gefe a karkace, don da zare suka yanka shi. Ana jibi gasa Mataimakin shugaban makaranta ya leƙo, ya yatsine fuska.

"Wannan bulon za ku kai mini gaban alƙalai? A zuba sabo!"

Aka zuba sabo, ruwan hoda, a mazubi mai siffar fure, ƙamshi har bakin ƙofa. To, amma sabulu ba ya jin umarnin Mataimaki. In bai sha iska ba, soda na nan da ranta.

Barkono ta kai ɗaya daga cikin sabon gida don ta burge mahaifiyarta. Mama ta wanke hannu da shi tana sa albarka. Kafin a jima hannun ya yi jajur, tsakanin yatsu ya saɓule.

"Ba komai, 'yar nan," in ji Mama, tana ɓoye hannun a cikin zane.

Ran Barkono ya ɓaci ƙwarai. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana wanki ya yi haka, ina ga fatar jariri?

Da safe ta tari Mataimaki da maganar. Ko kallonta bai yi ba.

"Alƙalai sunsunawa suke yi, ba wanka ba. Ki naɗe sabon, ko ki ajiye mini bajon shugabanci."

"To, Malam."

Duk wanda ya san Barkono ya san wannan "to" ɗin ba ta alheri ba ce.

A zauren gasa a gaban jama'a ake naɗi. Da aka busa usur, Barkono ta tura kwalin sabulu mai ruwan hoda ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta zazzage jakarta. Sai ga bulo-bulo launin laka. Doguwa, ƙawarta mai yankan takarda, ta zaro ido.

"Ke, kin haukace?"

"Eh. Miƙo almakashi."

Doguwa ta miƙa. Suka naɗe munanan nan cikin takarda mai sheƙi, suka ƙulla zare, suka manna tambarin makaranta daram a tsakiya. Wani alƙali ya kwance ɗaya, ya juya shi, dariya ta ƙwace masa. Na biyun ƙarshe suka zo.

Mataimaki ya iso yana huci, ya fizge bajon daga rigarta har maɓalli ya tsinke. Abin ya yi mata ciwo, don ta so kofin gasar nan kamar ranta, amma ta hana ido kawo ruwa.

Ana haka ma'aikaciyar asibiti ta zo da keken tura kaya tana kwasar sabulai. Mataimaki ya hango kwalin ƙarƙashin tebur, ya washe baki.

"Sista, ga ƙari nan, mai kyan ma kenan!"

Kafin ya sunkuya Barkono ta jawo kwalin, ta zauna a kai daɓas, ta harɗe hannu.

"Tashi!"

"Wallahi Malam, sai dai a tura keken da ni a kai."