Gwiwar Dada Ache a Dutsen Alantika

Duk abin da ya samu Dada Ache, mai atamfa a babbar kasuwar Garuwa, bakin maƙwabciyarta Micheline ne ya ja mata. Ache ta samu kujerar Makka bana, ga gwiwar dama ta kumbura kamar gwanda, ruku'u ma sai da nishi. To da wace ƙafa za a yi ɗawafi? Likita ya ce allura, ta ce ba da ita ba. Sai Micheline ta raɗa mata wai akwai wani tsoho a ƙwanƙolin dutsen Alantika, ganye yake shafawa gurgu ya miƙe da rawa.

Mota ta kai ta Poli, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita Wangai a gindin dutsen, nan ta samu ɗan jagora, wani siririn dattijo wai shi Malum.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun awaki ne. Dutse bisa dutse, hagu rami, dama ƙaya. Silifas ɗinta ya tsinke tun da hantsi, ta wurga shi ramin haɗe da zagi. Matar da ko mudu ba ta ɗauka da kanta, yau ga ta da rarrafe, gyale ɗaure a ƙugu.

"Malum, saura nawa?"

"Kaɗan, Dada."

"Tun safe kake ce min kaɗan! Uban wa ya auna maka kaɗan ɗin nan?"

Ta zagi Malum, ta zagi dutsen, ta zagi Micheline har kakanninta. Da wasu mata suka wuce ta ɗauke da tulunan ruwa suna hira abinsu, su ma ta bi su da harara.

La'asar sakaliya suka iso. 'Yan bukkoki ne, da wata tsohuwa tana zuƙar lofe. Malum ya yi mata yare, ta amsa, sai ya hau sosa ƙeya.

"Me ta ce?"

"Wai mijin nata, mai maganin, ba ya nan. 'Ya'yansa sun sauka da shi a goye, yana asibitin Garuwa."

"Me ya same shi?"

"Gwiwa, Dada."

Wallahi ihun da Ache ta kurma, awakin garin sai da suka watse.

Malum ya bari ta huce kaɗan, sannan ya ce, "Amma Dada, gwiwar da ta hau Alantika, ɗawafi ne zai gagare ta?"

Ta dubi gwiwar, ta leƙa ƙasa, Wangai kamar ƙwayar gero. Gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan.

"Rufe min baki! Wa ya tambaye ka?"

A hanyar saukowa ta riƙa tauna ganyen bakin hanya tana tofarwa, har ta samu wanda ya fi maɗaci ɗaci. Ta cika gefen zane da shi.

"Na mene ne, Dada?"

"Tsarabar Micheline. Tsoho ya ce a sha safe da yamma, kada a sa sukari."